Yadda ɗalibin tarihi zai karanta wa'azin Furitan na Amurka

Ɗaliban tarihi a Katsina kan ci karo da wa'azozin Furitan idan darasi ya kai ga zuwan Turawan Ingila Amurka, kuma da yawansu kan ajiye takardar tun kafin su yi nisa, saboda tsohon Turanci da tsawon zance. Furitan dai Kiristoci ne 'yan Furotesta waɗanda suke ganin cocin Ingila bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba. A shekarar 1630 John Winthrop ya jagoranci ayarinsu daga Ingila zuwa yankin Massachusetts da ke Amurka, kuma cikin shekara goma mutum kusan 20,000 suka bi sahu.

Kafin ɗalibi ya shiga cikin wa'azi, ya fara tantance shekarar da aka yi shi da kuma taron da aka yi shi dominsa, domin wa'azin Lahadi daban yake da na ranar zaɓen gwamna, shi ma daban yake da na ranar azumin da hukuma ta kira saboda fari ko annoba ko yaƙi.

Daga nan sai ya nemo tsarin wa'azin, wanda kusan kullum iri ɗaya ne. William Perkins, malamin Cambridge ta Ingila, ya shimfiɗa shi a littafinsa na 1592: a karanta aya daga Littafi Mai Tsarki a warware ma'anarta, a fitar da karantarwar da ke cikinta, a kafa mata hujja, sannan a nuna wa jama'a yadda za su yi aiki da ita. Wanda ya saba zama wurin tafsirin watan azumi a Katsina ba zai ga wannan tafiya daga aya zuwa nasiha baƙuwa ba, ko da yake aƙidun sun sha bamban ƙwarai. Ɗalibi ya ɗauki fensir ya yi wa kowane kashi alama a gefen takarda. A ganina ya fi kyau ya fara karanta kashi na ƙarshe, domin a nan ne mai wa'azi yake ambaton abin da ke damun garinsa, kamar tsawwala farashi a kasuwa da shan giya da saɓa wa iyaye, kuma a nan ɗan tarihi yake samun abin da ya zo nema. Yawan lambobin da aka jera, na ɗaya, na biyu, na uku, kada su gundure shi. An yi su ne domin masu sauraro, waɗanda da yawansu kan rubuta wa'azin na awa ɗaya ko biyu sannan su maimaita wa iyalinsu a gida. Wannan dogaro da karatu ne ya sa suka kafa kwalejin Harvard a 1636, kuma a 1647 suka yi dokar da ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ɗaukar malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu.

Wurin da ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne batun alkawari tsakanin Allah da mutane. Furitan sun bi koyarwar John Calvin, ɗaya daga cikin manyan malaman Furotesta, cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira, kuma aikin mutum ba ya saya masa tsira. To, me ya sa masu wa'azi suke matsa wa jama'a da gyaran hali? Amsarsu ita ce kyakkyawan hali alama ce ta wanda aka zaɓa, sannan kuma al'umma baki ɗaya tana da nata alkawari da Allah, wanda idan ta saɓa za a hukunta ta tun a duniya. Saboda haka duk inda aka ambaci alkawari, ɗalibi ya tsaya ya duba ko na mutum ɗaya ake nufi ko na al'umma. Batun ba ƙarami ba ne, domin wata mata cikin Furitan mai suna Anne Hutchinson ta zargi yawancin limaman cocinsu da fifita aiki a kan alherin Allah, aka gurfanar da ita a 1637, aka kuma kore ta daga Massachusetts.

Akwai buƙatar taka-tsantsan da wa'azozin da aka yi bayan 1660, irin wanda Samuel Danforth ya yi ranar zaɓe a 1670, waɗanda suka cika da kukan cewa 'ya'ya sun bar tafarkin iyayensu. Wannan kuka ya zama salo mai zaman kansa, don haka bai isa hujjar cewa addini ya yi rauni ba sai an gwada shi da rajistar coci da takardun kotu na garin. Haka kuma inda mai wa'azi ya kira ƙasar da suka zauna a cikinta da sunan daji, ko ya fassara yaƙin 1675 zuwa 1676 da 'yan asalin ƙasar a matsayin horon Allah ga Turawa, ɗalibi ya rubuta a gefen takarda sunan ƙabilar da ke zaune a wurin, kamar Wampanoag ko Narragansett, sannan ya nemi labarin yaƙin daga ɓangarensu kafin ya rubuta nasa sharhin.