Kafin ku biya kuɗin gwajin ƙwallo

Iyaye da yayyen 'yan ƙwallo a Gombe, ga shawara.

Kafin ku miƙa wa dillali kuɗin kai yaro gwaji, ku fara zuwa wurin malamin wasanninsa na sakandare, ko da ya gama makaranta.

Shi ya san yaron tun yana buga ƙwallo ba takalmi. Ya san ko ƙafarsa ta hagu ba ta aiki, ko numfashinsa na yankewa bayan hutun rabin lokaci. Kuma yaro na jin maganarsa har ya girma, wani lokaci fiye da ta uba. In ya ce "da sauranka tukuna", yaron zai haƙura, kuɗinku ya tsira.

Irin malaman nan sukan san masu horarwa a filin Pantami. Kuɗin katin waya kawai za ku kashe.

Mai yi muku alkawarin Turai kuwa, ku tuna dokar FIFA ta hana mayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai bisa wasu sharuɗɗa ƙalilan.

Amma fa in malamin lissafi aka ɗora wa wasanni don cike gurbi, kada ku wahalar da shi. Ku nemi kocin unguwa.