Hayar mota a ƙasar waje: inshora da kuɗin hanya kafin ka karɓi makulli

Kuɗin da ka gani a shafin kamfanin haya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Asarar da ta fi ciwo takan zo ne bayan mutum ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, an gama yi masa barka da zuwa, ya koma shagonsa a Kwari ko Singa, sai saƙon banki ya shigo cewa an cire masa kuɗi. Abu biyu ke jawo haka: kason ɓarnar da inshora ta bari a wuyanka, da kuɗin hanyar da kyamara ta rubuta maka ba ka sani ba. Duka biyun a gaban kanta ake warware su, tun makulli bai shigo hannunka ba.

Fara da kati

Kamfanin zai riƙe kuɗin jingina a katinka har ka dawo da motar. Yawancinsu katin kiredit suke so, mai ɗauke da sunan wanda zai tuƙa. Katin asusun dala da bankunanmu ke bayarwa galibi na cirar kuɗin da ke cikin asusu ne, kuma wasu kamfanoni ba sa karɓarsa, wasu kuma sai sun tilasta maka sayen inshorarsu mafi tsada. Rubuta musu tun kana gida ka tambaya, ka adana amsar. Katin ɗan'uwanka ko na maigidanka ba zai yi ba, sai in shi aka rubuta a matsayin babban direba. Ka tafi da lasisinka na Najeriya da bai ƙare ba, tare da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na biyun fassara ce kawai, ba ya aiki shi kaɗai. Wanda bai kai shekara 25 ba kuma ya sa ran ƙarin kuɗi a kowace rana.

Inshora hawa-hawa ce

Hawa na farko shi ne wanda direbobinmu ke kira tad fati, irin wadda ake biyan naira 15,000 a nan tun 2023. Tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani: motarsa, katangarsa, jikinsa. Ba ta biyan ko fitila ɗaya ta motar da ka ɗauka. A Turai da Ingila da Dubai tana cikin kuɗin haya. A Amurka abin ya danganta da jiha, sau da yawa kuma abin da ke ciki ɗan kaɗan ne idan aka gwada da tsadar asibiti a can, don haka ka sayi ƙarin da suke rubutawa SLI ko LIS. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Hawa na biyu shi ne CDW, a Amurka LDW, tare da TP ta sata. Nan mutane suka fi ruɗewa. Ma'anarta kamfanin ya yafe maka ɓarnar motarsa, amma ban da wani kaso na farko da suke kira ekses. A ce ekses ɗinka yuro 1,000 ne. Ka kwarzane ƙofa, gyara ya kama yuro 600: kai za ka biya duka. Ka yi kaca-kaca da motar, gyara ya kama 9,000: za ka biya 1,000, su ɗauki sauran. Kuma kada ka auna da farashin mai fanal bita na Ƙofar Ruwa. A can kwarzane ɗaya yana iya sa a sake fentin ƙofar gaba ɗaya, a ɗora kuɗin ofis, wani lokaci har da na kwanakin da motar ta yi ba ta aiki.

Hawa na uku shi ne wanda ke rage ekses ko ya shafe shi. Hanya biyu ce. Ko ka saya a kanta a hannun masu motar, da tsada, amma idan abu ya faru ka ajiye makulli ka tafi, kuma yawanci jinginar da za su riƙe takan ragu. Ko ka saya a intanet wurin dillalin da ka yi rajista ta hannunsa, da araha, amma a nan masu motar za su cire kuɗinsu daga katinka tukuna, kai kuma ka bi dillali da takardu ya mayar maka. Wanda katinsa ba shi da yalwa, ko wanda ba ya son yin wata biyu yana aika imel daga Kano, ta hannun masu motar ta fi masa.

Ko da ka sayi mafi tsada, sa yatsa a kan takardar ka tambaya ɗaya bayan ɗaya: taya da rim, gilashin gaba, madubi, rufin mota, ƙarƙashinta, kujeru, ɓatan makulli, kuɗin janwe. Waɗannan su aka fi cirewa, kuma su suka fi lalacewa. Zuba fetur a motar gas ko gas a motar fetur ba ya cikin yawancin inshora. Idan hakan ta faru, kada ka tayar da injin, domin tayarwar ce ke tura man cikin famfo da nozul, ta mayar da aikin zuƙe tanki ya zama babban gyara.

Akwai kuma abin da ke rushe inshorar baki ɗaya. Na farko, kuma wanda ya fi kama mutanenmu, shi ne miƙa wa aboki sitiyari. Mun saba idan direba ya gaji a hanyar Abuja wani ya karɓa. A motar haya, duk wanda ba a rubuta sunansa a yarjejeniya ba, idan ya yi haɗari, kuɗin gaba ɗaya a kanka yake. Biya kuɗin ƙarin direba. Sauran su ne sauka daga kwalta zuwa rairayi, abin da ke jan masu zuwa Dubai, da ƙetare iyaka ba izini, da rashin rahoton 'yan sanda.

Wannan na ƙarshen yana son bayani. Sulhun gefen titi da muka saba, a ba juna haƙuri kowa ya kama gabansa, ba ya aiki. A Dubai gareji ba ya taɓa motar da ta yi karo sai da rahoton 'yan sanda, ko da kai kaɗai ka goga ta a ginshiƙin wurin ajiye motoci. Ƙaramin haɗari ana shigar da shi ta manhajar 'yan sandan Dubai. A Saudiyya kamfanin Najm ake kira idan babu wanda ya ji rauni. A Turai akwai takardar haɗari ta bai ɗaya da direbobin biyu ke cikewa, yawanci tana cikin aljihun gaban mota. Kada ka sa hannu a abin da ba ka iya karantawa ba, kuma ka kira kamfanin hayar nan take.

Kafin ka fita da motar, zagaya ta da bidiyo: bamba gaba da baya, rim huɗu, gilashi, rufi, allurar mai da lambar kilomita. Duk tabon da ba ya cikin takarda, sa ma'aikacin ya rubuta.

Kuɗin hanya: shingen da ba a gani

Mu abin da muka sani shi ne ƙarfe a gicciye da mai tikiti, kamar na shiga filin jirgi. A wurare da yawa yanzu babu ƙarfe babu mutum. Kyamara ce ke karanta lambar mota, takardar ta tafi wurin mai motar, wato kamfanin haya, shi kuma ya cire daga katinka ya ɗora ladan wahalarsa. Ladan nan wani lokaci ya fi kuɗin hanyar kansa.

A Dubai sunan tsarin Salik, tun 2007 yake aiki, kuma motar haya tana zuwa da alamarsa manne a gilashi. Daga farkon 2025 ƙofa ɗaya dirhami 6 ce a lokacin cunkoso (ban da ranar Lahadi), ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da 4 na yamma zuwa 8 na dare, dirhami 4 a sauran lokaci, kyauta daga 1 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya sauka a Deira, ya haye gadar Al Maktoum ko Al Garhoud ya miƙe titin Sheikh Zayed, zai ratsa ƙofofi da dama kafin ya kai inda za shi, ya sake ratsa su a dawowa. Titin Sheikh Mohammed bin Zayed ba shi da Salik. Abu Dhabi nata daban ne, Darb ake ce masa. A Turkiyya HGS ne, shi ma kamfanin haya ke lissafawa a ƙarshe. Saudiyya ba a biyan kuɗin hanya tsakanin Jidda da Makka da Madina, amma kyamarorin Saher na gudu suna ko'ina, tararsu kuma ta wannan hanyar take iso ka.

Ingila ta fi tarko, domin a can kai ne za ka tuna ka biya. Mashigar Dartford a gabashin Landan ba ta da shinge tun 2014. Ƙaramar mota fam 3.50 ce, a biya a intanet kafin ƙarfe 12 na daren washegari, in ba haka ba tarar fam 70. Shiga tsakiyar Landan da rana yana da kuɗin cunkoso na kullum, wanda ya manta kuma tararsa fam 180 ce, ana rage rabi idan an biya cikin kwana 14. Biya a shafin gwamnati ko na hukumar sufurin Landan kawai, akwai shafukan bogi masu kama da su.

A Faransa da Italiya yawanci tikiti ake ja a shiga, a biya a fita. Kada ka yar da shi, domin wanda ya ɓatar ana cajinsa kamar daga mafari ya taso. Layi mai harafin t ruwan lemo a Faransa, da layin Telepass mai ruwan ɗorawa a Italiya, na masu na'urar biyan kuɗin hanya ne. Babbar hanyar A13 daga Faris zuwa Normandi ta cire shinge, awa 72 gare ka ka biya. Tsofaffin biranen Italiya kuma suna da unguwannin da aka rubuta ZTL, inda aka taƙaita shigar motoci, kowace shiga ba izini tara ce mai zaman kanta, takardar na iya ɗaukar watanni kafin ta zo.

Jamus ba ta karɓar komai a hannun ƙananan motoci a manyan hanyoyinta, amma wasu maƙwabtanta suna karɓa ta hanyar sitika. Ta Suwizalan faran 40 ce, ta shekara kaɗai ake sayarwa ko da yini ɗaya za ka yi. Ostiriya tana da ta kwana 1 da ta kwana 10. Motar da ka ɗauka a cikin ƙasar takan zo da ita, wadda ka ɗauko daga Munik ta Jamus ba lallai ba, sai ka saya a gidan mai kafin iyaka.

A Amurka tambayi yadda suke cajin na'urar E-ZPass ko SunPass. Wasu kuɗin kullum suke ɗorawa har kwanakin da ba ka bi hanyar biya ba.

Batun iyaka, faɗa musu tun farko duk ƙasar da za ka shiga, a rubuta. Daga Dubai zuwa Oman sai da takardar amincewar kamfani da inshorar da ta shafi Oman. Motar hayar Ingila ba ta ƙetarawa Faransa sai da takardar VE103.

Ranar mayarwa ka je a lokacin da ofis yake buɗe, da tanki cike da rasit ɗin gidan mai. Tsaya a duba motar a gabanka, a ba ka takardar rufe haya mai nuna babu sabuwar ɓarna, ka sake ɗaukar bidiyo. Nemi jerin kuɗin hanya mai kwanan wata da lokaci. A Dubai jingina takan yi mako uku zuwa wata ɗaya kafin a sake ta, saboda jiran tarar da ba ta fito ba, don haka kada ka rufe katin ko ka goge hotunan har sai kuɗin sun dawo asusunka.