Darasi Na Bakwai: Tsabar Da Ke Hana Babbar Taya Tsalle

Duba gefen tayar motar da ke shiga daji. Za ka ga lambobi kamar haka: 35x12.50R17. Karanta su a hankali. 35 tsayin tayar ne da inci, wato wajen santimita 89. 12.50 faɗinta ne. 17 kuma girman wilin da ta hau. Taya irin wannan, mai manyan haƙora don kama taɓo da dutse, takan kai kilo 30 ita kaɗai, ban da wili.

Babu tayar da nauyinta ya zo daidai wa daida ta kowane ɓangare. Akwai wurin da roba ta fi kauri. In mota na tsaye ba ka gane komai, sai ta ɗauki gudu. A gudun kilomita 80 cikin awa ɗaya, tayar inci 35 tana juyawa sau 8 a kowace daƙiƙa. In akwai rarar gram 100 a wuri ɗaya a bakinta, a wannan gudun rarar tana fizgar taya da ƙarfin da ya kai na kilo 11, sama da ƙasa, sau 8 a daƙiƙa. Shi ne kake jin sitiyari yana karkarwa a hannunka, madubi yana rawa, kujera tana girgiza. Haƙoran taya su riƙa cinyewa, wani wuri ya fi wani, shakazoba ta gaji tun lokacinta bai yi ba.

Me ya sa dalma ba ta zama?

Maganin da kowa ya sani shi ne a ɗora taya kan injin balansin, a manna guntayen dalma a bakin wili. A ƙaramar mota mai bin kwalta, wannan ya wadatar. Motar daji kuwa dabam take. Dutse yakan goge dalmar ta faɗi. Direba yakan rage iska don taya ta kama rairayi, sai tayar ta ɗan zame a kan wili, wurin nauyi ya canja mazauni, dalma kuwa tana nan inda aka manna ta. Wani lokaci haƙori guda ya ɓalle a kan dutse. Ga shi babbar taya tana cin dalma da yawa, har ka ga an jera ta kamar tsawon hannu.

Wannan ne ya sa ake amfani da wata dabara: a zuba ƙananan ƙwayoyi a cikin tayar, a bar su sake. Ana yin su da tangaran ko gilashi mai tauri, akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙanana ne, masu santsi, ba su da kaifi. A wannan darasi za mu kira su tsabar balansin.

Yadda tsabar ke aiki

Ka taɓa juya guga da ruwa a ciki da sauri, ruwan bai zube ba? Haka tsabar take mannewa a jikin taya ta ciki in gudu ya yi gudu. To, amma me ke kai ta wurin da ake bukatarta? Tuna da fasinja a mota: in direba ya fizgi mota gaba, fasinja baya yake yi. Haka nan, duk sanda wurin nauyi ya fizgi taya zuwa ɓangarensa, tsabar ba ta bin sa nan take, sai ta gangara ɗaya ɓangaren. Kaɗan-kaɗan take taruwa can, a ɓangaren da ke fuskantar wurin nauyin, har fizgar ta lafa. In mota ta tsaya, tsabar ta zubo ƙasa. In ta sake tashi, tsabar ta sake neman wuri. Ko taya ta zame, ko haƙori ya ɓalle, tsabar za ta bi sabon halin da tayar ke ciki.

A tafiyar hawainiya tsabar ba ta aiki, gungurawa kawai take a ƙasan taya. Wannan ba abin damuwa ba ne, domin karkarwa ba ta damun mota sai da gudu.

Awo

Kada ka zuba da ka. Kowane kamfani yana da jadawali a jikin leda ko kwali. Nemi lambar tayarka a ciki, ka bi abin da aka rubuta. Akwai ƙa'idar da wasu masu yin tsabar ke bayarwa: oza 1 ga kowace laba 13 ta nauyin taya. Da kilo, wannan ya kama kusan gram 28 ga kowane kilo 6. In tsabar ta gaza, ba za ta iya da rarar nauyin ba. Saboda haka ɗora taya a sikeli, ka auna tsabar ita ma, kowace taya da rabonta.

Zubawa

Ɗaga mota da jak, ka tokare ta da ƙarfen tokara. Kada ka dogara da jak shi kaɗai. Cire tsohuwar dalma duka, ta ciki da ta waje, ka kankare busasshen taɓon da ya maƙale a bayan wili.

Hanya mafi sauƙi ita ce lokacin da ake ɗora taya. Kafin a rufe gefe na biyu, a zuba tsabar can ƙasan taya, nesa da leɓen da ke kama wili, domin ƙwaya ɗaya in ta maƙale a nan iska za ta riƙa tsiyaya. Wasu kamfanoni suna sa tsabar cikin siririyar leda da ake jefawa ciki yadda take, ta fashe da kanta in an fara tafiya. In tayar tana kan wili, sai a sace iska, a kwance allurar da ke cikin bawul, a sa ɗan tiyo a bakinsa, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana ƙwanƙwasa bawul ɗin. Aikin haƙuri ne, gaggawa toshe shi take yi. In bawul ɗinka mai na'urar auna iska ne, kada ka bi ta nan, buɗe gefen taya ka zuba.

Wajen ba da iska don taya ta hau wili, ja da baya, kada ka sunkuya kanta, kada kuma geji ya wuce 40 a ma'aunin PSI. In ba ta hau ba, sace iskar a sake gyarawa.

Danshi

A nan nake so ka fi mai da hankali, domin a nan aikin yakan lalace. Na taɓa sa tsaba a tayoyi huɗu, uku suka yi lafiya lau, ta huɗu ta fi da karkarwa. Da muka buɗe ta, sai ga tsabar ta dunƙule wuri guda, curi kamar na jiƙaƙƙen yashi, ta manne a jikin roba, sai da na sa yatsa na ɓanɓare ta. Ruwan sabulun da aka lafta wajen ɗora tayar ne ya kwarara ciki. Maganin ya koma ciwo: gram ɗari da wani abu sun zauna a wuri ɗaya.

Tsabar da ba ta gudana ba ta da amfani. Goge cikin taya da busasshen tsumma kafin ka zuba. Abin santsi a shafa shi a leɓe kawai, kaɗan. A zubar da ruwan da ke taruwa a tankin injin iska kafin a ba ka iska. In an yi faci daga ciki, a bar gam ya bushe sarai. Ruwan nan mai yauƙi da ake ɗurawa don toshe huda kuwa, ba ya zama taya ɗaya da tsaba. Yashi ma kada ka sa: yana shan danshi, yana kuma goge robar ciki.

Ƙwaya takan shige bawul ta hana shi rufuwa. Akwai allurar bawul mai rariya da aka yi saboda haka, sa ta. Kafin ka auna iska, ɗan hura iska ciki tukuna don ta kore abin da ke bakin.

Abin da tsaba ba ta gyarawa

Tsallen sama da ƙasa shi ne aikinta. In taya tana lilo hagu da dama, musamman mai faɗi sosai, tsaba ba ta cika magance shi ba, sai an koma inji. Lanƙwasasshen wili, tayar da ta kumbura, da sassan sitiyari da suka saki, waɗannan na bakanike ne. Bayan ka gama, ɗaure notoci da kyau, ka gwada motar a miƙaƙƙiyar hanya. In karkarwar tana nan, a duba waɗannan.

Aikin aji

1. Rubuta lambobin da ke gefen wata taya, ka faɗi ma'anar kowace.
2. Taya mai kilo 30, gram nawa na tsaba take bukata bisa ƙa'idar gram 28 ga kilo 6? Tayoyi huɗu fa?
3. Abokinka ya zuba tsaba, karkarwa ta ƙaru. Me za ka fara tambayarsa?