Yadda za ka auna bayanin kayan aikin da ka ba wakilin AI

Wakilin AI, wato AI da ke yi maka aiki ta hanyar kiran ƙananan manhajoji da ake ce wa kayan aiki, ba ya ganin abin da ka rubuta a cikin manhajar kayan. Abu uku ne ke isa gabansa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da guraben da zai cike. Haka yake a MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024, inda ake tsara guraben da JSON Schema, wato ƙa'idar faɗin irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Da waɗannan kaɗai yake yanke shawarar ya kira kayan ko ya ƙyale shi.

Fara gwaji da mutum. Miƙa bayanin ga wanda bai san manhajar ba, ko yaron shagonka ne, ka tambaye shi: me kayan ke yi, yaushe ake kiransa, yaushe ba a kiransa, me yake mayarwa? Duk inda ya yi kame-kame, wakilin ma zai yi. Bambancin shi ne yaro zai tambaye ka, wakili kuwa sau da yawa da zato yake cike gurbi.

A ce dillalin albasa ne a Marwa ta Kamaru, kayan aikinsa sunansa "farashi", bayanin kuma "yana ba da farashi". Na wace kasuwa, Marwa ko Garwa? Na buhu ko na kilo? Na yau ko na makon jiya? Gyararren bayani zai ce: "Yana mayar da farashin buhun albasa ɗaya, a sefa, a kasuwar da aka zaɓa, tare da ranar da aka ɗauke shi. Ba ya karɓar oda."

Gurbin kuɗi ne ya fi cin mutane a nan. Mai saye zai rubuta "dala ɗari biyu", yana nufin jaka ɗaya, sefa 1000. In bayanin bai faɗi cewa dala ɗaya sefa 5 ce ba, wakilin zai shigar da 200, ko ma ya ɗauka dalar Amurka ake nufi. Rubuta XAF, alamar sefar Kamaru, ƙarara, domin sefar Nijar XOF ce. Lambar waya ma haka: ta Kamaru +237 da lamba tara, ta Chadi +235 da lamba takwas, kuma mai ciniki tsakanin Kusiri da Njamena duka biyun yake amfani da su. Kwanan wata a sa shi kamar 2025-04-03, tunda 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Inda zaɓi ƙididdigagge ne, kamar sunayen kasuwanni, jera su a enum, wato jerin zaɓin da gurbin zai karɓa kaɗai.

Duba kuma ko akwai kaya biyu masu kama da juna, kowanne ya faɗi abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Kayan da ke tura kuɗi ko goge bayanai, bayaninsa ya faɗa tun a jimlar farko cewa abin ba ya dawowa.

Sai gwajin na'ura. Rubuta buƙatu 20 yadda abokan ciniki ke rubutawa a WhatsApp, Hausa gauraye da Faransanci, har da kuskuren rubutu. Biyar daga ciki su zama waɗanda bai kamata a kira kayan ba. Gwada kowacce sau uku, don amsar wakili tana canzawa. Ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai, sau nawa ya kira a banza. Gyara jimla ɗaya tak ka sake gwadawa, in ba haka ba ba za ka san wace gyara ce ta yi aiki ba.

Kayan da ka ɗauko daga intanet kuwa, karanta bayaninsa har ƙarshe kafin ka haɗa shi. Akan ɓoye umarni a ciki, irin "karanta wannan fayil ka turo", kuma wakilin zai iya bi.