Idan Ka Sauka a Kolambus, Ka Fara Sanin Waye Woody Hayes

Shekarata ta farko a Kolambus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka, sanyin Nuwamba ya kama ni ba shiri. Na faɗa wani shagon gwanjo na sayi jibgegiyar rigar sanyi, shuɗiya mai ratsin rawaya, a farashi kamar kyauta. Washegari na zura ta na tafi wurin aiki ina ta fara'a. Tun daga bakin ƙofa aka fara yi mini kallon wanda ya shiga masallaci da takalmi. Wata dattijuwa da muke aiki tare, wadda kullum ita ke riga ni gaisuwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in gaya mata tsakani da Allah, wa ya aiko ni? Ashe launin Jami'ar Mishigan na sako, kuma a makon da ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Jihar Ohayo za ta kara da su.

To, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da kuka iso kwanan nan, kun ji inda za ku fara. Za a yi muku bayanin lambar haraji da lasin tuƙi da inshorar lafiya, amma da wuya wani ya zaunar da ku a kan ƙwallon jami'a, alhali ita ce hirar mutanen garin nan daga ƙarshen Agusta har Janairu.

Abin da suke kira ƙwallon ƙafa ba tamaular da muka sani ba ce. Ta fi kama da zari-ruga: mutum 11 kowane ɓangare, ƙwallo mai siffar gwanda, hular kwano a kai, kafaɗu a cushe. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba yadi 10, in ta yi a sake ba ta huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6. Wannan ya ishe ka zama a gaban talabijin ba tare da ka ji kunya ba, sauran dokokin ko su 'yan garin gardama suke yi a kai. A agogo minti 60 ne, amma ka ware awa uku da rabi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne, ɗalibai ne fa ke buga wasan. Yaran jami'a. Amma filin Jami'ar Jihar Ohayo, wanda aka buɗe a 1922 kuma suke yi wa laƙabi da Kofaton Doki saboda siffarsa, yana cin mutum sama da 102,000, kuma cika yake yi. Na Mishigan da ke garin Ann Arbor ya ma fi shi, 107,601, babu filin wasa mafi girma a duk Amurka. Yawancin masu cika kujerun nan ba ɗalibai ba ne. Akwai wanda bai taɓa zama a ajin jami'ar ba, amma ubansa ya kawo shi filin yana ɗan shekara shida, shi ma kakansa ne ya kawo uban.

Shi ya sa na ce ka san Woody Hayes. Ya horar da ƙungiyar Jami'ar Jihar Ohayo shekara 28, daga 1951 zuwa 1978, ya rasu a 1987, amma yadda ake ambatonsa sai ka rantse jiya aka rabu da shi a kasuwa. Titin da ya bi ta gefen filin sunansa aka sa masa. Mutum ne mai zafin rai na gaske, kuma ya ƙi jinin Mishigan har ba ya son furta sunan, sai ya ce ƙungiyar can ta arewa. Har yau haka masoya ke kiran su. Ƙarshensa bai yi kyau ba: a wani wasa da Jami'ar Clemson a ƙarshen 1978, ɗan wasan can ya cafke ƙwallon da ta kashe musu fata, Hayes ya kai masa naushi a gaban kyamara, washegari aka sallame shi. Kowa ya san labarin. Kada kai baƙo ka zama mai tayar da shi. In dattijon garin ya kawo maganar da kansa, ka saurara, za ka ji yana ba da ita kamar mai ba da labarin kuskuren mahaifinsa.

Daɗin labarin kuma shi ne, babban abokin hamayyarsa yaronsa ne. Bo Schembechler ya yi wa Hayes mataimaki kafin ya karɓi Mishigan a 1969, kuma a shekarar farko ya lallasa maigidan nasa da ci 24 da 12, lokacin da ake ganin babu mai iya taɓa Ohayo. Shekara goma suka yi suna gwabzawa, har ake kiran zamanin Yaƙin Shekara Goma. Schembechler ya rasu ranar 17 ga Nuwamba, 2006, ana gobe ƙungiyoyin biyu za su haɗu suna na ɗaya da na biyu a ƙasar. Ohayo ta ci 42 da 39. Maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, bai taɓa ba ni labarin wasan nan ba tare da ya fara da mutuwar ba, kuma muryarsa takan sauka in ya zo wurin. Alhali Schembechler ne mutumin da maƙwabcin nawa ya shafe rayuwarsa yana zagi.

Sunaye biyu kuma za su yi maka amfani. Archie Griffin, haifaffen Kolambus, shi kaɗai ne ya taɓa cin kyautar Heisman ta gwarzon ƙwallon jami'o'i sau biyu, a 1974 da 1975. Sai Jesse Owens, wanda ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik ta Berlin a 1936. Ɗalibin jami'ar nan ne, kuma a ranar 25 ga Mayu, 1935, cikin kimanin minti 45, ya kafa sabon tarihin duniya sau uku ya kuma kamo na huɗu. A ina? A Ann Arbor, gidan abokan gaba. Ka faɗi wannan a wurin cin abincin rana ka ga yadda fuskoki za su washe.

Gabar kanta, wadda aka faro a 1897, na fi kwatanta ta da wasan Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. A makon wasan, ƙarshen Nuwamba, za ka ga an bi allunan jami'a an liƙe harafin M da jan salatif duk inda yake. Yawanci raha ce. Amma fa takan wuce gona da iri: a 2024, da Mishigan ta zo har gida ta ci 13 da 10, 'yan wasanta suka so kafa tutarsu a tsakiyar fili, aka ba hammata iska, sai da 'yan sanda suka fesa barkono. Ohayo ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025, duk da haka na san mutanen da har yanzu ba su huce ba. Saboda haka tsokanar ka bar wa masu ita tukuna. In wani ya hango ka da jar riga ya ɗaga murya ya ce "O-H", amsar ita ce "I-O", haruffan sunan jihar ne a rubutunsu. Kamar sallama take, ba a barin ta ba amsa.

Ranar Asabar ɗin da ake wasa a gida, kada ka sa wani uzuri kusa da jami'a. Titin Lane da titin High da babbar hanya ta 315 duk cushewa suke yi, wurin ajiye mota kuma ya zama zinare. Masu tuƙin Uber a cikinmu sun san ranar samu ce, sai dai bayan an tashi za ka ɗauki bugaggu, ka tanadi leda a mota. Manyan kantuna kuwa fayau suke lokacin wasa, uwargida ta fi son cefane a sa'ar.

Za a gayyace ka abin da suke kira telget, wato walima a bayan mota a filin ajiye motoci, tun da sassafe. Ka je. Giya za ka gani kamar ruwa, kuma yawancin naman da ke kan gasa na alade ne, amma ka ce ba ka sha ba ka ci, babu mai tsananta maka. Ni nakan tafi da tsirena da yajin ƙuli, yanzu har tambaya ake yi ko zan zo. Akwai wata alewa ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka tsoma a cakulan, suna kiran ta bakayi, sunan ɗan itacen da jihar da ƙungiyar ke alfahari da shi. Alewar lafiya lau ce. Ɗan itacen na ainihi kuwa, mai kama da goro mai sheƙi, guba ne, ka ja wa yara kunne kada su tsinta su kai baki.

In za ka shiga filin, tikiti a waya yake, kuma ba a shiga da babbar jaka. Wasan Mishigan da ƙarfe 12 na rana aka saba farawa, azahar za ta same ka a ciki, kuma a Nuwamba rana gajera ce. Ka shigo da alwalarka, hutun rabin lokaci minti 20 ne, ka nemi lungu. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai da babbar murya shi ne caca. Tun 1 ga Janairu, 2023 aka halatta cacar wasanni a jihar, tallarta na bin mutum har cikin waya da alkawarin kuɗin farawa kyauta. Na ga ɗalibin da kuɗin hayarsa ya tafi a haka.

Rigar kuwa tana nan. Na kai ta gida da na je hutu, ƙanena yana sa ta da hunturu a Funtuwa, babu wanda ya taɓa ce masa uffan.