Yadda ɗalibin likitanci zai zaɓi salon karatu

Sababbin ɗaliban likitanci na yawan cewa "ni da ido nake ganewa" ko "ni sai na ji da kunne". Galibi daga tambayoyin VARK suka samo wannan, tsarin da Neil Fleming ya fito da shi a 1987, mai kasa masu koyo gida huɗu: gani, ji, karatu da rubutu, sai aiki da hannu. Amsa tambayoyin ba laifi, amma kada ka ɗaure kanka da sakamakon. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa koyar da mutum da salon da ya fi so yana ƙara masa fahimta.

Da farko, bar darasin ya zaɓa maka. Anatomi, wato ilimin tsarin sassan jiki, na ido da hannu ne, don haka kada ka riƙa tsere wa ɗakin fiɗar gawa saboda warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi. Sautin zuciya sai kunne. Bayokemistri, ilimin sinadaran jiki, sai biro da takarda.

Na biyu, rufe littafi. Nan ne na ga ɗalibai da yawa sun faɗi. Mutum ya kwana yana kallon hoto, ya shafe shafi da kala, ya ɗauka ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin. Ɗauki sarƙar jijiyoyin da ke sauka hannu, daga C5 (jijiya ta biyar ta wuya) zuwa T1 (ta farko ta ƙirji). Duba ta sau ɗaya, ka kife littafin, ka zana a farar takarda: saiwa biyar, su haɗe su koma uku, kowace ta rabu biyu, su sake haɗewa uku, sannan manyan rassa biyar. Za ka maƙale a tsakiya. Kada ka leƙa, ƙarasa haka nan, sannan ka buɗe ka gyara da jan biro. Gobe sake zanawa, haka bayan kwana uku, haka bayan mako.

Batun kuɗi kuwa, daina ƙarar da data kan bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Manhajar Anki, ta bitar karatu da katunan tambaya da amsa, kyauta ce a Android da kwamfuta, a iPhone ne ake biya.

Sai ka nemi abokai biyu ko uku, kada su wuce haka, kowa ya yi wa saura bayani da baki. Jarrabawar MB ta biyu, ɗaya daga cikin manyan jarrabawar digirin likitanci, in ta matso, ku koma kan tsofaffin tambayoyi, da agogo a gabanku.