Darasi: Yadda ƙwayar cuta ke rikiɗa

Bairas ƙwayar cuta ce da ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta shiga jikin mutum ko dabba, ta sa ƙwayoyin halittarsa su riƙa kwafo mata irinta. Abin da ake kwafowa wani umarni ne da ke cikinta, kuma na korona ya kai haruffa kusan 30,000.

A gwada wannan a aji. Malam ya rubuta wa mutum ɗaya "ƙafa ta ɓata hanya". Na biyu ya kwafa daga littafin na farko, na uku daga na biyu, har mutum 10. A duba na ƙarshe. Idan wani ya manta lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, duk na bayansa haka za su ɗauka.

Haka yake ga bairas. Yawancin kurakuran ba sa canza komai, wasu ma nakasa ta suke yi. Amma jefi-jefi akan sami wanda zai ƙara mata saurin yaɗuwa, ko ya sauya mata kama har garkuwar jiki ta kasa gane ta da wuri. Mai wannan sauyi sai ta rinjayi sauran, a ce sabon nau'i ya ɓulla. Omikron, wani nau'in korona wanda aka ba da rahotonsa daga Afirka ta Kudu a Nuwamban 2021, ya zo da sauyi fiye da 30 a ƙayar da yake kama jiki da ita.

Batun shan-inna ya fi shafar mu a Bauchi. A 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar da ke kawo ta ta ƙare a Afirka, saura wadda ke rikiɗa daga ta rigakafi. Ɗigon rigakafin baki yana ɗauke da ƙwaya mai rauni, tana fita ta bayan gida. Inda aka yi wa kusan duk yara, ba ta samun wurin zama. Inda aka tsallake yara da yawa kuwa, takan bi su ɗaya bayan ɗaya shekara guda ko fiye, tana ta kwafuwa, har ƙarfinta ya dawo ta shanye ƙafar yaron da ba a yi masa ba. Shi ya sa ake maimaita zagayen, kuma don Allah kada a ɓoye yaro ɗan ƙasa da shekara 5 don an ɗiga masa a bara. Kashin yara a zuba a masai, a wanke hannu da sabulu.

Tambaya: a gwajinmu na aji, da mutum 2 kawai suka kwafa, kuskure nawa za a samu?